Takalmin Lefen Asma'u

Hajiya Saudatu ta ɗaga takalmin da yatsu biyu, kamar mai ɗaga mushen ɓera, ta juya shi a gaban matan da suka cika tsakar gidan.

"Wa ya sayo wannan?"

'Yardada ta gyara zama a bakin tabarma. Ita ce ta jagoranci kawo lefen ƙaninta Muttaka, malamin firamare a Zaitawa, zuwa wannan gida na Mandawari, gidan tsofaffin attajirai jikokin Larabawan Turabulus. An duba atamfofi da lesuka lafiya, sai da aka zo kan takalmi guɗa ta tsaya.

"Ango ne da kansa, Hajiya. Ɗan Italiya ne. Abokinsa da ke karatu a can ya aiko masa."

Hajiya Saudatu, gwaggon amarya Asma'u, ta sa aka miƙo mata nata takalmin daga bakin ƙofa, ta jera su. Nata yana walƙiya, da ɗan farantin ƙarfe mai ruwan zinari a goshinsa, an rubuta sunan ƙasar ɓaro-ɓaro. Na lefen kuwa baƙi ne sumul, ba ado, sai ɗan hatimi a ciki.

"Baiwar Allah, shekara goma ina sayen ɗan Italiya. Ina farantin?"

Matar sabon kansila ta karɓa ta shinshina. A shekarar ne sojoji suka koma bariki, mijinta ya bar sayar da kananzir ya shiga ofis, ita kuma ta fara zama kusa da manya.

"Ko ƙamshin sabo ba ya yi," in ji ta. "Ai malaman makaranta akwai dabara. Alli ma raba shi biyu suke."

Aka kwashe da dariya. 'Yardada ta hango labulen ɗaki ya motsa, ta san Asma'u na bayansa.

"'Yarmu ba ta taka jabu," in ji Hajiya Saudatu. "Nan da Juma'a a kawo na gaske, ko a zo a kwashe akwatunan."

*

Da 'Yardada ta koma gida, ta miƙa wa Muttaka takalmin, ta gaya masa yadda aka yi. Shekara biyu ya yi yana haɗa lefen nan, har kekensa ya tafi a ciki, ba abin da ya rage da zai sayar. Ya zauna kawai yana shafa takalmin da gefen rigarsa.

Washegari 'Yardada ta ƙunshe shi a mayafi ta nufi Dukawuya, wurin Baba Ilu, tsohon badukun da ya yi wa mahaifinsu aiki. Ya murza fatar, ya lanƙwasa ta, ya bi ɗinkin da farce. Fuskarsa ta saki.

"'Yardada, rabona da riƙe irin wannan tun ina da haƙora. Fatar akuyarmu ce ma, ta je can ta sha gyara ta dawo gida. Wa ya ce jabu ne?"

Ta ba shi labari, ta kwatanta masa farantin.

"Wannan mai ƙamshin? Ai gam ne suke shinshina! Kullum ana kawo mini su gyara, damina ɗaya suke hangame baki." Ya jawo wani gwangwani, ga farantan nan cike, waɗanda suka ɓalle daga takalman mutane.

'Yardada ta tura masa takalmin kusa da gwangwanin.

"Baba, ka manna masa guda biyu."

"Ke! In ɓata na gaske don ya yi kama da na ƙarya?"

"To in je in ce wa Hajiya Saudatu shekara goma tana taka jabu? A gidansu? Baba, yaron nan ko abinci ba ya ci."

"Fatar nan ba ta riƙe gam, sai ƙusa. Ga ta da laushi, ko na lanƙwashe bakin ƙusar zai taɓa ƙafa."

"Ka buga."

Tsohon ya yi bisimilla a hankali, kamar mai shirin yanka, ya ɗora basilla a goshin takalmin.

*

Ranar Juma'a Hajiya Saudatu ta karɓa da hannu biyu, ta ɗaga shi sama.

"Yauwa! Kun gani? Ashe suna da na gaske, suka ɓoye, suka fara gwada mu da na bola. Allah ya sa ba haka angon zai riƙa auna wa 'yarmu cefane ba."

Aka rangaɗa guɗa. 'Yardada ta ce, "A yi mana afuwa, Hajiya," ta kuma yi godiya har sau biyu.

Ranar wuni, da la'asar, Hajiya Saudatu ta hana amarya sa kowane takalmi sai shi, ta kama hannunta tana zagawa da ita cikin mata, tana ɗage mata gefen zani don kowa ya gani.

"Taka sosai mana, 'yar nan! Da wuya muka ƙwato miki shi."

Asma'u ta taka, tana murmushi, tana cije leɓe. Da ta durƙusa gaida dangin ango, 'Yardada ta dubi ƙafarta. Wani siririn jini ya gangaro daga ƙarƙashin farantin, ya bi tsakanin yatsu, ya ɓace cikin jan lalle.