Zagaye na Ɗari Biyu da Sha Ɗaya

A babban tseren motoci na garinmu a Karolina, kowane direba yana da mai rubuta masa zagaye, yawanci matarsa. Ni nake wa mijina Hoyt. Duk sanda motarsa mai lamba 47 ta wuce gaban rumfarmu, sai in dubi agogon bango in rubuta. Daga rumfar ba a hango bayan filin, kuma ba mai tashi sai an gama.

Na rubuta zagaye na ɗari biyu da goma, na jira. Motar da ke gabansa ta wuce, ta bayansa ma ta wuce. Can sai ga baƙin hayaƙi ya turnuƙe bayan filin, aka ɗaga tutar rage gudu.

"Wilma, kin ga 47?" na tambayi wadda ke kusa da ni.

"Tawa nake kallo, Lorene," ta ce, ta ƙi haɗa ido da ni.

Na miƙe zumbur. Mista Purvis, shugaban rumfar, ya daka min tsawa: "Zauna, baiwar Allah! Kin tare wa mutane agogo!"

Agogo! Kamar in caka masa fensirin hannuna. To amma ina zan je? Tsakanina da hayaƙin akwai shingen waya da motoci arba'in.

Na zauna. Motocin suka taho a jere, ina bin lambobinsu ɗaya bayan ɗaya. Sau uku suna zagayowa, babu 47. A na huɗu Wilma ta miƙo hannu a hankali ta zare fensirin daga yatsuna.