Jinin Yahya

Yahya ya tofar da yawu a gindin darbejiya, sai ga shi ja wur. Ya sa ƙafa ya murje da ƙasa, ya ci gaba da gyaran ƙotar fartanyarsa.

"Buɗe bakinka in gani," in ji Farfesa Kamaruddeen.

"Asuwaki ne ya soke ni."

"Buɗe dai."

Katanga ɗaya ce tsakanin gidajensu a wani ƙauye bayan Tofa, tare kuma suka yi kiwon awaki suna yara. Yahya ya gaji gonar ubansa. Shi kuwa Kamaruddeen boko ta ɗauke shi har Turai, ta dawo da shi jami'a, ya ƙare ƙarfinsa wajen binciken yadda ɓargo ke samar da jini da yadda sankara ke lalata shi, duk a jikin fararen ɓeraye. Da ya yi ritaya sai ya dawo gida. Mutane kan kira shi "Malam mai ɓeraye" a bayan idonsa. Yahya kaɗai ke faɗa a gabansa.

Yahya ya buɗe bakin. Dasashin ya kumbura, jini na tsattsafowa. Cikin idon fari fat. A damtse ga tabo baƙi-baƙi kamar an yi masa duka.

Kamaruddeen ya huda masa yatsa, ya shafa ɗigon jinin a ɗan gilashi, ya shige ɗaki inda tsohuwar na'urarsa ta duba ƙwayoyin jini take bakin taga. Ya daɗe a sunkuye. Ya san waɗannan ƙwayoyin kamar yadda ya san hanyar masallaci: manya-manya, ba su nuna ba, sun cika ko'ina sun hana na kirki wuri. Bai taɓa ganinsu a jinin wanda ya sani ba.

Shi ya kai shi asibiti a birni. Aka ƙara masa jini, ya ɗan farfaɗo, har ya nemi fura. Likitar, wadda tsohuwar ɗalibar Kamaruddeen ce, ta ja shi gefe.

"Farfesa, ka fi ni sani. Abin ya yi nisa, ga shekaru, ga zuciyarsa ba ƙarfi. Maganin zai riga ciwon kayar da shi."

Yahya ya ce a mai da shi gida, ga damina ta sauka.

Bai taka gonar ba. Zazzaɓi ya kwantar da shi, haɓo ya riƙa zuwa ba sallama. Wata rana da hantsi Kamaruddeen ya fito daga ɗakin Yahya, sai Sauda, matar Yahya, ta tare shi a tsakar gida, ta ja mayafi.

"Farfesa, an ce ɓerayen nan naka kana warkar da su."

"Wasu sukan warke."

"To ka ba shi abin da kake ba su mana."

"Ba a taɓa gwada shi a jikin mutum ba, Sauda. Ko kusa ba a kai nan ba."

"Ka gwada a kansa. Na yarda. Me ya rage da za a ɓata?"

Maganin ma babu shi. Tun shekarar da tallafin binciken ya yanke, aka rufe ɗakin gwajin, abin da ya saura sai rubuce-rubuce a mujallun da ba mai karantawa a nan.

"Ba ni da shi," ya ce.

Ta dube shi, ba faɗa ba kuka. Ta koma bakin murhu.

Ranar Laraba Yahya ya ɗan sami sauƙin numfashi. Kamaruddeen na zaune a gefen tabarma yana yi masa fifita.

"Kamaru, su ɓerayen, idan sun kai inda na kai, me kake musu?"

"Nakan sa su barcin da ba a tashi."

"Ashe sun fi ni gata." Ya so ya yi dariya, tari ya hana shi. Da ya lafa ya ce, "Amma aikin zai yi wa wani amfani, ko?"

Kamaruddeen ya yi shekaru yana amsa wannan tambayar a gaban manyan taro, bakinsa bai taɓa harɗewa ba.

"Ban sani ba, Yahya."

"To. Allah ya sani. Ci gaba da fifitar."

Kafin la'asar Yahya ya cika. Kamaruddeen ne ya zuba ruwa, liman ya yi wankan a bayan rumbu. Aka kai shi, aka dawo, aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Masu gaisuwa suna ta miƙo masa hannu, "Farfesa, ya haƙuri? Ai ka yi ƙoƙari." Yana amsawa, bai san me yake cewa ba.

Da mutane suka ragu ya shiga ɗauko buta. Tsakar gida tsit, mata duk suna ɗaki. A bayan rumbu ƙasa ba ta bushe ba tukuna, wata kaza da 'yan tsakinta suna ta tono a cikin danshin.