Tagar da Aka Sauke wa Inna

A masana'antar da Dogo yake aikin kafinta, gida ake ƙerawa sukutum: bango, rufi, banɗaki, har da maƙalin labule. In an gama sai babbar mota ta ɗauka ta kai wa mai shi. Shekara tara yana haɗa wa mutane, sai bana layi ya zo kansa.

Matsalar ɗaya ce: Inna, mahaifiyarsa, wadda yake so ta tare a gidan. Tela ce, kuma ta rantse ba za ta shiga akwati da ranta ba. Ɗakin hayarta kuwa duhu ɗunɗum kamar cikin tulu, ga ido ya yi rauni, sai ta kira maƙwabciya ta zura mata zare a allura. Har ta fara zancen sayar da keken ɗinkin. Wannan magana ta tsaya wa Dogo a rai, don ya san ranar da keken ya bar ɗaki, Inna ta zauna ke nan.

Ya sami injiniyar da ke zana gidajen. "Ranki ya daɗe, tagar ɗakin gabas nake so a sauke ƙasa taƙi biyu."

"Kai Dogo, ka cika tsirfa! Gida ɗari muka yi a haka, wa ya yi kuka?"

"Ai ni da ke a tsaye muke awo. Inna kuwa a zaune take wuni."

Injiniya ta miƙe. Ta ja kujera cikin gidan gwaji ta zauna. Ashe hasken ta saman kanta yake wucewa ya faɗa bango, cinyarta kuwa inuwa. "Lallai mun sha kunya," in ji ta, ta zaro fensir daga bayan kunne.

Ranar da aka dire gidan, Inna ta zo da shirin faɗa. Ta ƙwanƙwasa bango, ta buga ƙafa a daɓe, ta leƙa banɗaki ta taɓe baki. Dogo yana biye da ita kamar yaro, ƙato da shi.

A ɗakin gabas ta tarar da kekenta a gindin taga. Ta zauna don ta huta kawai. Hasken safiya ya kwanta a kan allurar tas. Ta lashi bakin zare, ta kai hannu, ya shige sau ɗaya. Ta zare, ta sake. Ya sake shigewa.

Dogo ya juya yana duba ƙusar da ba abin da ya same ta, don idonsa ya cika da ƙwalla.

"Kai, ɗan nan," in ji Inna, ba ta ko ɗago ba. "Wandon nan naka ya yage a gwiwa tun bara, ina gani na yi shiru. Tuɓo shi ka kawo."