Soɓon Tabawa

Shekara goma sha tara Ɗantala yana mutuwa a dandalin teyatur, wato wasan kwaikwayo, na garin Tamaske. An sare shi, an soke shi, mota ta take shi, duk don a wayar wa jama'a da kai. Jinin kuwa soɓo ne, wato zoɓo, matarsa Tabawa ke dafa masa da ɗan ƙaro ya yi kauri.

Mushe Umaru (Mushe laƙabin malaman boko ne), tsohon malamin lakwal, wato makaranta, mai shirya musu wasa, shi ya kunna wutar. Ya ba su labarin wani ƙaramin gidan wasa a birnin Pari, inda a da ake ƙwaƙule ido da yankan maƙogwaro na ƙarya, har da likita a ajiye, ana auna gwanintar ɗan wasa da yawan waɗanda suka suma.

Ɗantala ya yi dariya. Amma da aka bai wa Mahfuzu, wani sabon shiga, mutuwa guda tak a wasan rikicin gona, sai ga mace ta zube a cikin 'yan kallo. Kuma ba kowa ba ce, Tabawa ce.

Kishi ya ci Ɗantala har tuwo ya daina wuce masa. Shi da ya ƙare ƙuruciyarsa yana birgima a ƙasa, ko "wayyo" bai taɓa samu daga bakinta ba!

"Mi Mahfuzu ya hi ni da shi?" ya tambaye ta.

"Haba malam," ta ce, "naka ni ka dahwa shi. In suma kan soɓona?"

Ranar wasa na gaba ya karɓi gorar soɓon, ya tuttular bayan katanga, ya je wurin mahauta aka cika masa mafitsarar rago da jini mai ɗumi, ya ɗaure ta ƙarƙashin riga.

Da la'asar aka soke shi da wuƙar katako. Jini ya yi tsartuwa, mai duhu, mai ƙarni. Tabawa ta san wannan ba daga tukunyarta ya fito ba. Ba ta suma ba. Ta kurma ihun da ya tsayar da makaɗa, ta ture mutane, ta faɗa kansa tana danne cikin da mayafinta, tana kiran sunansa, sunan da ba ta taɓa furtawa ba tun aurensu.

Ɗantala, don daɗi, ya buɗe ido ɗaya yana murmushi.

Hannunta ya taɓo mafitsarar. Ta zaro ta, ta duba, jama'a suka tuntsire da dariya. Ta miƙe a hankali, jini har gwiwar hannu.

"Ka samu abin da kake biɗa," ta ce. "Amma ranar da anka kawo min kai da gaske, kada ka ji haushi in na tsaya lalube tukuna."

Ta bar masa mayafin a kan ciki ta wuce gida.