Masu Kisa a Jinin Achta

...to in dai masu kisa ne, me ya sa likitar take murmushi? Achta tana zaune a kan benci a barandar asibiti, ranar Garwa na gasa kwanon rufi, maganar likitar, Madam Françoise, kuma sai yawo take yi mata a ka. Wai akwai wasu ƙwayoyin halitta a jinin kowa, ba koya musu kisa aka yi ba, da shi aka halicce su. Zagawa suke, suna shafa 'yan'uwansu ɗaya bayan ɗaya. Wadda cuta ta shige ta, ko wadda ta fara rikiɗewa za ta zama ciwon daji, alamarta kan dushe, su kuwa nan take su fasa ta. Alheri ne, in ji likitar. Kisa... alheri?

Ciki uku, duk sun zube tun kafin su yi motsi. Ga na huɗu yanzu, ɗan mitsitsi, bai ko taso ba. Na farkon a Mayo-Oulo ne, gidan surukarta, zani ya jiƙe sharaf, tsohuwar na tofa addu'a tana cewa bakin mutane ne. Na biyu — a'a, ban da na biyu. Wata ta gifta da goyo, ta gaishe ta da Fulatanci. "Jam na?" Jam. Lafiya lau. Wace lafiyar?

Ita Achta fa ta jawo zancen gaban likitar. Ƙawarta Colette ce ta kira daga Yaoundé, wai ta ji ana cewa waɗannan ƙwayoyin ne ke cinye wa mata ciki, ta je a auna ta. Kuma ai da gaskiyarta... ɗan nan rabinsa na mijinta Shu'aibu ne, rabinsa baƙo ne a jikinta. Za su ga baƙo su ƙyale? Likitar ta girgiza kai. Wai na cikin mahaifa dabam suke, ba su cika kisa ba, su ne ma ke taya mabiyiya buɗe hanyoyin jini don abinci ya isa ga ɗa. Mahauci kuma ungozoma? A jiki ɗaya? Wai awon jinin hannu ba zai faɗi abin da ke gudana can ciki ba.

"To mene ne ke kashe mini su, likita?"

"Ban sani ba, Achta. Mu ma ba mu gama sani ba."

Da ma mayya aka ce mata. Mayya na da gida, tana da suna, sai a daina gaishe ta, a sake hanya. Wannan kuwa ina za ta gudu? Masu kisan sun yi yawa ne? Sun yi kaɗan? Ko ba ruwansu sam, tana ta zargin bayin Allah da ke mata gadi tun tana jaririya?

Shu'aibu bai san da wannan cikin ba tukuna. Wancan karon da ciki ya zube ya zauna bakin ƙofa, tuwo ya huce a gabansa, shi ke ba ta haƙuri. Ta gaya masa yau? Ta bari sai cikin ya motsa... in ya motsa.

An kira la'asar. Ta dafa mararta, ta buɗe baki za ta roƙi Allah, sai ta tsaya. Me za ta ce? Ya kwantar da masu kisan ne, ko ya tashe su?