Faifan Mma Amama

Ranar Talata Zelia ta ce wa mijinta ya kama mata kujera a motar Bawku ta ranar Asabar. Ta faɗa ne tana ninke zannuwa, ko ɗago kai ba ta yi ba. Issaka kuwa, da yake shi ke lodin fasinja a tashar Tudu ta Accra, kuma mutum ne da bakinsa bai saba da a'a ba, sai ya ce to. Har da tambayarta ko gefen taga take so. Allah ya shirya mana maza. Matarka za ta tafi wurin uwarta da kayanta kaf, ba ta ce ga ranar dawowa ba, kai kuma abin da ya dame ka taga.

Ba faɗa suka yi ba. Da faɗa ne da abin ya zo da sauƙi, don a Nima ɗaki jingine yake da ɗaki, kafin ka rufe baki maƙwabta sun shigo sun raba ku. Abin da ya faru shi ne, kafin azumin shekarar nan, wadda ta biyo bayan yunwar tamanin da uku, Zelia ta yi haihuwar fari a asibiti. Haihuwar ta zo da gardama, sai da aka yi mata aiki. Yarinyar ta zo da rai da hantsi, kafin la'asar ta koma. Zelia ba ta farfaɗo ba sai washegari, lokacin an riga an kai 'yar makwancinta. Ko sau ɗaya ba ta gan ta ba.

Manya suka ce wa Issaka kada ya tuna mata, shi ma ya ga gaskiyarsu. Kafin a sallamo ta ya kwashe bahon wanka da ƙananan riguna da hulunan da ta saƙa, ya kai gidan yayarsa a Adabraka, ya share ɗaki tas. Tun daga nan, duk lokacin da ya ga fuskarta ta canja sai ya ce, "Haƙuri, Zelia, Allah zai ba da wata," ya zura takalmi ya fita sayo mata tsire. Ya sayo atamfa, ya sayo rediyo na hannu. Ita kuma takan karɓa ta yi godiya kamar baƙuwa. Ta daina dama kokon da take sayarwa a bakin titi, ta daina dariyar nan tata da ake ji har gidan baya. Issaka yana son matarsa ƙwarai, kuma tsoro yake ji, don ya san in ta hau motar nan da wuya ta dawo.

Ranar Laraba bayan azahar ya jira mutane suka watse, ya matsa kusa da Malam Ƙasimu, limamin masallacin unguwarsu, ya roƙi rubutun da zai hana ta tafiya. Malam ya saurare shi har ƙarshe.

"Addu'a ina yi muku tun ranar," in ji Malam. "Rubutu ma in kana so zan ba ka. Amma ka tsallaka kwata ka je Maamobi, ka nemi Mma Amama."

"Malam, wurin mata?"

"Matarka namiji ce? Tashi ka je."

Mma Amama tsohuwar ungozoma ce, rabin samarin Maamobi ita ta yanke musu cibiya. Yanzu gwiwoyi sun ƙi, sai zama a barandar gida tana tsintar wake wa 'yarta mai sayar da wake da shinkafa, wanda mutanen Accra ke kira waakye. Mata suna zuwa mata da damuwarsu kai tsaye. Maza kuwa kullum wucewa suke yi suka ce bari su gaishe ta. Ka'idarta ɗaya ce: duk wanda ya zauna sai ta miƙa masa faifai da tulin wake, ko alhaji ne. Takan ce wanda idonsa ke kan wake ba ya jin kunyar bakinsa.

"Mma, barka da rana. Wucewa nake yi."

"Yoo, ɗana. Duk ku masu wucewa ne. Karɓi, akwai tsakuwa paa, ba kaɗan ba."

Issaka ya zauna a benci, ya ɗora faifai a cinya, ya shiga tsinta da manyan yatsunsa da suka saba da igiya da buhu. Da farko labarin tasha ya kawo, da tsadar taya. Tsohuwa ba ta katse shi ba. Can ya gangaro kan Zelia, ya faɗi motar Asabar, ya jera duk abin da ya yi mata, ya ce shi dai bai san laifinsa ba.

"Na ji tsire," in ji Mma Amama. "Na ji atamfa, na ji rediyo. Yarinyar ce ban ji ba koraa, ko kaɗan."

Hannunsa ya tsaya a cikin wake.

"Ka gan ta?"

"Na gan ta."

"Yaya take?"

Wata akuya ta leƙo barandar, tsohuwa ta kore ta da mafici, ta ci gaba da tsintarta, ba ta dube shi ba. Sai ya fara magana a hankali, kansa a ƙasa. Ya ce nas ce ta miƙo masa ita a cikin tawul. Ya ce gashi ne cike da kanta, baƙi wuluk, har ya sauko goshi. Kunnenta na hagu a ɗan naɗe yake ta sama, irin na Zelia sak. Ya yi mata kiran salla a kunne, ya yi mata huɗuba, ya raɗa mata suna. Ta kama masa yatsa, kamu mai ƙarfi, har ya ce a ransa wannan za ta rayu. Da ta cika, shi ya ɗauke ta a hannunsa har maƙabarta, bai yarda kowa ya karɓe shi ba.

Kafin ya kai ƙarshe hawaye na ɗiga a kan wake. Ya yi ƙoƙarin sharewa da kafaɗa, abin ya ƙi. Mma Amama ta bar shi ya yi mai isarsa.

"Wa ka taɓa gaya wa wannan?"

"Babu kowa, Mma."

"To ka ji. Ita ta ɗauki cikin nan, ita aka yanka. Ta farka, babu yarinya. Ta dawo gida, ta tarar an share ɗaki kamar ba a taɓa jiran kowa ba. Kai kana da gashi, kana da kunne, kana da suna. Ita me take da shi? Ka riƙe rabonka, ka haɗa da nata ka riƙe."

"An ce kada in tuna mata."

"Ta manta ne?"

Kunya ta kama shi, da tausayin matarsa irin wanda bai taɓa ji ba, don duk watannin nan shi a ganinsa kare ta yake yi.

"In na faɗa mata za ta yi kuka."

"Sai ta yi. Kai yanzu me kake yi mini a kan wake?"

Dariya ta kuɓuce masa cikin hawaye. Ya ja hanci ya ce, "Za ta fasa tafiyar?"

"Ban sani ba, ɗana, ni ba boka ba ce. Wataƙila ta tafi. Amma ko za ta tafi, kada ka bari ta tafi hannu wofi."

Ya buɗe baki zai faɗi sunan, tsohuwa ta ɗaga hannu. "A'a. Ba ni zan fara ji ba. Kai wa uwar."

In da mutum yana aiki da shawara ranar da aka ba shi, da duniya ta zauna lafiya. Issaka ya koma gida da niyya, ya tarar da Zelia tana wanke tukwane, sai bakinsa ya mutu. Alhamis ma haka. Ya shiga, ya fita, ya gyara ƙafar gadon da ba abin da ya same ta.

Ranar Juma'a ya dawo daga masallaci ya same ta a durƙushe tana ɗaure akwati da igiya. A tsakar gida mata na daka, wani rediyo na ta kiɗa. Ya saki labule, ya zauna a ƙasa kusa da ita, da rigarsa ta Juma'a.

"Zelia," ya ce. "Tana da gashi."

Ta tsaya da igiya a hannu.

"Gashi mai yawa, har goshi. Kunnenta na hagu irin naki ne."

Ta kai hannu ta taɓa kunnenta, ba ta ma san ta yi ba. Ta juyo ta dube shi, rabon da ta dube shi haka tun asibiti.

"Ka riƙe ta?"

"Na riƙe ta. Ita ma ta riƙe ni, wannan yatsan."

Zelia ta kama yatsan da hannu biyu. Daga nan ta shiga jero tambayoyi, wata na bin wata. Ta yi kuka? Ta buɗe ido? Fara ce ko baƙa? Ta sha wahala? Me aka sa mata? Wanda ya sani ya faɗa, wanda bai sani ba ya ce bai sani ba. Bai ce mata haƙuri ba ko sau ɗaya. Ta yi kuka sosai, shi ma ya yi, har dakan tsakar gida ya tsaya, amma ba wadda ta ɗaga labulen.

"Na zaci ba ka damu ba ne," ta ce. "Na zaci ni kaɗai na yi rashi a gidan nan."

"Ki yafe mini. Kayanta suna nan a Adabraka, ban bayar ba."

Ta jingina kai da akwatin, ta lumshe ido. Can ta ce, "Ka yi mata huɗuba?"

"Na yi."

"Wane suna?"

"Sunan Mma ta Bawku na sa mata. Salamatu."

Zelia ba ta taɓa kiran wannan suna da bakinta ba, don sunan mahaifiyarta ne. Ranar ta kira shi, a hankali, ta sake kira, kamar mai lallashi.

"Gobe da safe ka kai ni in ga inda take," ta ce. "Ko daga bakin katanga ne."

"Gobe da safe motar ke tashi, Zelia."

"Na sani," ta ce.