Yadda Aka Kwantar da Tabrez

Ɗana Tabrez, tun da ya bar garinmu Bhopal ya zo Hong Kong, sana'arsa ɗaya ce, mutuwa a fim. In mai gadin banki ne a harbe shi, in tela ne a jefo shi daga bene. Ko wayyo ba a barinsa ya ce. Ni dai da na dawo wajensa da zama, addu'ata kullum Allah ya sa a ba shi aikin da zai buɗe baki.

Sai darakta Kwok ya ce in ya yi masa gawa mai kyau a wannan fim, na gaba zai ba shi magana. Ranar na kai masa abinci wajen aikin. Ina shiga na tarar an shimfiɗe shi a gado, fuska duk hoda, ƙafafu sun miƙe sak wajen alƙibla. Na dire kwano na kama gado na juya.

Wani tsoho ya taso da faranti mai allurar nuna kudu da arewa a tsakiya. Wai shi ke duba musu ta inda sa'a ke shigowa ɗaki. Ya ce ƙafar mamaci ƙofa take kallo, in ba haka ba fim ya faɗi. Na ciro tawa allurar ta jikin dadduma, mai nuna alƙibla, na nuna masa. Ya juya gado, na mayar. Ya sake juyawa.

Tabrez, ido a rufe, ta gefen baki ya ce, "Ammi, don girman Allah, ba ta gaske ba ce."

"Ta wasan ma a yi ta daidai. Yi shiru, gawa ba ta magana."

Ma'aikata suka ce a cire ƙofar a kai ta wani bango, tunda duk katako ne. Tsoho ya ce to taga fa? Shi ya riƙe kan gadon, ni ƙafa, muna ja har gado ya rabe biyu. Sai gawa ta miƙe da farin mayafinta ta wanke mu tas, ni da harshen gida, tsoho da nasu, har da buga ƙafa. Ban san yaron yana da murya haka ba.

Ashe Kwok bai kashe kyamara ba. Nan take ya ba shi aikin fatalwa, magana tun daga farkon fim har ƙarshe. Na tambaya ko fatalwar tana kwanciya, aka ce a'a, a tsaye take yawonta. Na ce to alhamdulillahi, ku ci gaba da aikinku.